Lomar da Na Ci Gaban Maza

A gidanmu nan Sakkwato ba a ganin bakin mace yana motsi. Haka anka tashe mu. In an sauke tuwo, a kwashe na maza a kai zaure, mu mata mu shige ɗaki, kowa ta ba ƙofa baya. Ko gyaɗa ce a bakinki kika ji sallamar baƙo, to maƙale ta a kunci har ya tashi. In kuma kin je gidan mutane anka kawo miki abinci, ki ce alhamdu lillahi, kin ƙoshi, ko da hanjinki na kuka. Su matsa, ki ƙi. Su ƙara matsawa, ki kau da kai. Su ma sun san wasan. Can za su fita su bar miki ɗakin, ko su rufe akushin da faifai a biyo ki da shi gida. Innata takan ce macen da ta ci gaban mutane, ba abin da ba za ta yi gaban mutane ba. Na zauna da mijina shekara da shekaru, har ya koma ga Allah bai taɓa ganin na kai loma baki ba.

Da furfura na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri, don haka ba zan tsaya kwalliya ba. Wannan tarbiyyar ce ta kusa sa a sayar da ni a ƙasar Kurdawa.

Mijina baduku ne, mai ɗinkin jar fatar akuya, a bayan kasuwa rumfarsa take. Da Nasara sunka shigo gari ya ce shi ba zai zauna ba, gabas za shi. Mutane da yawa sun tashi a lokacin, munka bi sahu. Ba zan ba da labarin hanyar Makka ba, waɗanda sunka fi ni baki sun bayar. Mu yi tafiya, mu tsaya mu yi noma ko ɗinki, damina ta wuce, mu ƙara gaba. Na bar Sakkwato ina tsallake kwata da gudu, na isa Makka na san ciwon baya. Da munka sauke farali, mijina da yake ɗan Ƙadiriyya ne ya ce ba zai juya ba sai ya ziyarci waliyyin Bagadaza. Munka je. Ya yi ziyara, ya yi kukansa, zazzaɓi ya kama shi, can anka binne shi. Abin da ya bar min basilla ce, da wuƙar yankan fata, da guntun jar fata ta gida da ya hana kansa ɗinkawa.

Na gama takaba a ɗakin wata tsohuwa 'yar ƙasarmu da ta daɗe can har Hausarta ta fara tsami. Ita ta ce min in gida nake so, sai in kai kaina Sham, can alhazai ke taruwa, ba zan rasa mutanenmu ba. Hanyar hamada gajera ce amma ba ta mace ɗaya ba ce. Akwai mai nisa, wadda ke bin kogi arewa, ta ratsa gindin tsaunuka, ta karkata yamma. Ta ce a tsaunukan akwai wasu mutane, Kurdawa, ba Larabawa ba ne, ba Turkawa ba. In abu ya matsa min in faɗa gidan ɗayansu, ba sa ba da baƙonsu ko za a ƙone garin. Iyakar abin da ta faɗa min ke nan. Allah ya jiƙanta, rabin magana ta ba ni.

Na shiga ayarin masu alfadarai, a kan zan riƙa gyara musu salka da maɗauran kaya, su kuma su bar ni in bi. Tafiyar nan har yau in na tuna ta sai in rasa ko barci nake. Ƙararrawa a wuyan kowane alfadari, tun safe kana cikin sautinta har ka daina jin ƙafarka. Kogi a hagu, faɗinsa ya ninka gulbinmu, ana tsallaka shi bisa salkunan da anka hura wa iska anka ɗaura musu itace. Sannu a hankali dabino ya ƙare, ƙasa ta fara tudu, iska ta canza wari. Can nesa wasu duwatsu shuɗɗa sunka fito, kawunansu fari fat. Na ɗauka hadari ne ya zauna ya ƙi tashi. Kullum da safe in duba, yana nan inda na bar shi.

Madugun ayarin mutum ne mai jan gemu na lalle, muryarsa taushi kamar ta mai jinya. Da fari ko kallona ba ya yi. Daga baya ya fara tambaya: ko ina da dangi a Sham, ko wani ya san na biyo wagga hanya. Larabcina na kasuwar Makka ne, amma ya ishe ni jin abin da yake ce wa mutane a zango. Da yakan ce baƙuwa ce mai ɗinki. Sai ya koma cewa tasa ce. Wata rana wani attajiri ya zo duba alfadarai, ya ƙare da duba ni, tun daga dunduniya har haƙora, madugu shina gefe shina murmushi. Ni ɗiyar Sakkwato ce, na ga inda ake tsayar da bayi da idona ina yarinya. Na san kallon. Ina kuma jin masu korar alfadarai suna zancen wani babban gari da ke gaba, inda kasuwa ke ci.

Kafin garin akwai wani ƙauye manne a jikin tsauni. Gidajen a kan juna suke, soron wannan shi ne tsakar gidan na samansa, awaki na yawo bisa rufin mutane. Ruwa na gangarowa ta tsakiya yana surutu, itatuwan rumman sun fashe ja. Da hantsi munka isa, anka ce alfadarai za su huta, bayan azahar a wuce. Mai garin ya aiko a kira baƙi cin abinci. A da in an yi irin wannan kira waje nake zama wurin kaya. Ran nan na soke basilla a ƙugu, na bi bayansu, na shiga.

Ɗaki ne dogo, an shimfiɗe shi da darduma, maza jere jikin bango da wandunansu masu faɗi irin buje, kowa da wuƙa a ɗamara. Abin da ya fara ɗaure min kai, mata na shiga suna fita fuska buɗe, suna tsoma baki cikin hirar maza. Wata tsohuwa na zaune kusa da murhu tana zuƙar doguwar tukunyar taba, in ta yi magana kowa ya yi shiru. Uwar mai garin ce. Shi kuwa dogo ne, siriri, gashin bakinsa ya fara fari. Da ya gan ni tsaye bakin ƙofa ya nuna min wuri, ba can baya ba, kusa da uwarsa.

Anka shimfiɗa zane a tsakiya, anka jibge gurasa, sirara, faɗinta kamar faifai. Ga kindirmo, ga cuku, ga zuma, ga gishiri a ɗan kasko. Rabona da abin kirki tun jiya da rana. Mai garin ya yagi gurasa da hannunsa, ya dangwali gishiri, ya tsallake madugu, ya tsallake kowa, ya miƙo min.

Na yi abin da Inna ta koya min. Na sunkuyar da kai, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Hannunsa bai sauka ba. Na ja mayafi, na juya fuska wajen bango. A raina ina cewa mutanen nan sun san girma, yanzu za su gane ɗiyar mutunci ce, su ci nasu su fita su bar min ɗakin.

Ba wanda ya fita. Bai kuma ƙara matsa min ba. Ya ajiye gurasar a gefen zanen, ya goge yatsunsa, ya ɗauke idonsa daga kaina kamar an ɗauke fitila. Ɗakin ya yi tsit, sai ruwan nan da ke gangarowa a waje. Madugu ne ya fara ci, da hannu bibbiyu, shina taunawa shina dariya ƙasa-ƙasa. Ya yi magana da Larabci a fili, yadda har ni zan ji.

"Kada ranka ya ɓaci, mai gida. Baiwa ce mai ladabi. Ba ta ci sai daga hannun ubangijinta."

Wasu sunka gyaɗa kai. Na buɗe baki in ce ƙarya ne, Larabcin ya gudu, Hausa ce kawai a harshena, ita kuwa ba mai saye a wurin.

Tsohuwar ta tashi, ta damƙi hannuna, ta ja ni waje kamar akuya. Munka hau wani soro inda mata ke gasa gurasa bisa baƙin ƙarfe. Ta ɗauki mai zafi ta cusa min. Na zagaya bayan tarin itace, na tsuguna, na fuskanci bango, na cinye ta har ina ƙwarewa. Na taso ina godiya, na ɗauka an gama. Sai na ji sandar tukunyar taba a tsakar kaina, ƙwas.

Larabcinta ya fi nawa karyewa, amma da baki da hannu ta fahimtar da ni. A wurinsu wanda ya karɓi gurasa da gishiri daga hannun mai gida, gaban jama'a, ya zama na gidan. Mai taɓa shi ya taɓa su. Wanda ya ƙi kuwa, ko maƙiyi ne da ya zo da mugun nufi, ko kuma yana da mai shi. Ɗanta ya ga tsorona tun daga ƙofa, shi ya sa ya fara da ni, ni kuma na mayar mishi da hannunsa gaban baƙi. Na nuna mata bakina, na nuna cikina, na ce ai ga shi na ci. Ta tofar da yawu ta nuna bangon.

"Wannan zai yi miki shaida?"

Na ce mata a garinmu mace ba ta ci gaban maza. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko matan garinmu ba su da baki ne, ko kuwa mazan ne ba su taɓa ganin haƙori ba. Matan da ke gashi sunka fashe da dariya ba tare da sun san abin da anka ce ba. A ƙasa an yi kiran azahar, na fara jin ƙararrawa, ana ɗaura wa alfadarai kaya.

Na tsaya bakin soron. Farin kan tsaunin yana gabana, kusa, kamar in miƙa hannu in ɗebo. Rana na dukansa, idona ya cika da haske, sai na ga tsakar gidanmu. Ba tunani ba, gani. Ga turmi a kife, ga inuwar ceɗiya, ga Inna zaune tana kaɗi, abawa na sauka daga hannunta. Na ji warin bagaruwar jima daga lungun majema. Ina jira ta ɗago ta ce min wani abu, ta hana ko ta yarda. Ba ta ɗago ba, kaɗinta kawai take yi. Mazari na juyawa, ƙararrawa na kaɗawa, har sautin ya zama ɗaya. Na ce a raina, Inna, ke kina gida.

Na sauka. Mutane sun idar da salla sun komo ɗakin suna shan shayi, madugu ya riga ya ɗaura ɗamara. An kwashe kwanuka, amma guntuwar gurasar nan tana gefen zanen inda anka ajiye ta, ba wanda ya taɓa. Na ratsa tsakiyar maza. Na durƙusa gaban mai garin na tara hannu biyu.

Ya daɗe yana dubana. Uwarsa ta ce mishi wani abu daga ƙofa, gajere, irin wanda uwa ke faɗa wa ɗa ko ya yi furfura. Ya ɗauki gurasar, ya sake dangwalar gishiri, ya sa min a tafi.

Na yaye mayafi daga bakina. Gurasar ta bushe, da na gatsa sai da ta yi ƙara, na ji kamar duk tsaunin ya ji. Ina tauna, idanu na kaina, kunnuwana na zafi, gishirin ya yi yawa har hawaye ya zubo. Wallahi da a ce in tuɓe zane ne da bai fi haka nauyi ba. Lomar ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Wani dattijo ya turo min ƙwaryar kindirmo, na ɗaga na kafa kai, yana zuba ta haɓata. Da na sauke na ga ban mutu ba. Na miƙa hannu na yagi wata gurasar da kaina, na lakaci zuma.

Madugu ya fara magana da sauri, taushin muryar ya tafi. Ya yi rantsuwa, ya kira shaidu cikin masu kora, su kuwa kowa ya sami abin kallo a rufin ɗaki. Mai garin ya bar shi ya gama, sannan ya amsa da Larabci a hankali.

"Kai ka ci, ita ta ci. Ba mai taɓa ka a ƙasata, ba mai taɓa ta. Allah ya kiyaye hanya."

'Yan'uwan mai garin sunka raka ayarin har bayan gari, da bindigogi a kafaɗa, suna ta yi wa madugu fara'a. Ya tafi da tabarmata da tukunyata. Ina tsaye kan soro har ƙararrawar ta narke cikin ƙarar ruwa.

A ƙauyen na yi sanyin shekarar, don hanya ta rufe. Wata safiya na fito na tarar duniya ta yi fari, abu na saukowa daga sama ba ƙara, kamar ana shiƙar auduga. Na tara hannu, ya zama ruwa. Na tsaya har tsohuwar ta jawo ni ciki tana zagina da yarensu. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, tumaki a ƙarƙashinmu, ɗuminsu na tasowa ta ƙasa. Na ɗinke duk wata salka da takalmi da ke garin. Jar fatar mijina na yi mata jakar taba da ita, ta riƙa nuna wa kowa. Ranar Juma'a mazansu na buga bandiri suna zikiri, sak irin namu, in na rufe ido sai in rantse a Sakkwato nake, in buɗe in ga fari ta taga.

Ban ce waliyyai ne ba. Yaransu sun sha goga min fata da yawu su ga ko baƙin zai fita. Suna da gaba da ƙauyen da ke tsallaken kwari tun kakanni, a kan abin da ba wanda ya iya faɗa min, ina nan anka kawo gawar wani saurayi bisa alfadari. Amma ni, ko kallon banza ba wanda ya ƙara yi min. Nakan je rafi ni kaɗai, in daɗe, in dawo.

Da ƙanƙara ta narke, furanni sunka rufe tsaunin har ba wurin taka ƙafa, ƙanen mai garin ya kai ni ƙauye na gaba ya damƙa ni hannun mai gidan da sunka yarda da shi. Wannan ya kai ni na gaba. Haka anka riƙa miƙa ni kamar ƙwaryar aro. Duk inda na sauka ba na jiran a matsa, kafin a gama gaisuwa na tara hannu. Har na isa Sham, na sami mutanenmu, wasu Katsinawa da matansu, na biyo su. Wannan ma tafiyar shekaru ce.

Na shigo Sakkwato da bazara, rana tsaka. Ganuwa ta zube a wurare, Nasara sun yi gidajensu a bayan gari, yara na wasa da kalmomin da ban sani ba. Ceɗiyar gidanmu na nan. Inna ta rasu tun da daɗewa, an ce da kaɗinta a hannu. Yayana ne a gidan, da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta tsufa amma harshen bai tsufa ba.

Ban ko wanke ƙafa ba labari ya kai dangin mijina. Yayyensa da baffansa sunka zo jin yadda ɗan'uwansu ya cika. Anka yi musu shimfiɗa a inuwa, anka kira ni, na zauna nesa kaɗan ina ba su labari. Goggo ta aiko da fura a sabuwar ƙwarya, da ludayi a kai, anka ajiye tsakanina da su. Tun asuba nake tafe cikin rana. Ina cikin zancen kabarinsa, hannuna ya ɗauki ludayin da kansa. Sai da na kai na uku ko na huɗu na ji shirun. Irin shirun ɗakin nan ne na kan tsauni, ba bambanci, sai dai nan ba ƙarar ruwa, kurciya ce ke kuka kan ceɗiya. Baffan mijina ya ƙura wa carbinsa ido. Na duba ludayin, na duba su. Na ƙarasa shanyewa, na ci gaba da labari.

Da sunka tafi Goggo ta same ni a ɗaki, ta ce ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da uwarta ta haife ta, gaban surukai, har da lasar baki. Ta ce gara da Inna ba ta ga wagga rana ba. Ta tambaye ni a wace ƙasa na yar da kunyata, a aika a ɗauko.

"Tana can kan wani tsauni, Goggo. Da na taho da ita, da yanzu ina wanke tukwanen wani a garin da ba ki san sunansa ba."

Ta ce ita ba ta san wannan ba. Na ba ta labarin tun daga jan gemu har sandar tukunyar taba. Da na zo wurin tsohuwar ta ce wannan ko ba a faɗa ba jarababbiya ce. Da la'asar ta shigo da tuwon shinkafa a akushi, ta ajiye gabana. Na jira ta fita. Ta jawo kujera ta zauna, ta zuba tagumi.

"To ci in gani," in ji ta.

Na ci. Ta kalle ni har na suɗe akushin, ta ɗauka ta fita tana girgiza kai.

Har yau a ƙofar ɗakina nake cin abincina, fuskata waje. Unguwa ta gaji da magana ta bari. In zafin bazara ya kai inda ko ƙadangare ba ya motsi, nakan dangwali gishiri in sa a harshe in rufe ido. Ba kullum ba, amma wani lokaci ƙararrawar kan zo, can ƙasa-ƙasa, da sanyin farin nan a bayanta.